Bakin Inna da Ɗan Yatsana

Jikata ta zo hutu ta saka mini Littafi Mai Tsarki a waya, irin wanda ke karanta kansa. Ka taɓa wuri ɗaya sai wani mutum mai zaƙin murya ya kama zuba, ba ya tari, ba ya haki, ba ya tsayawa ya kori kaza daga tabarma. Ta ce yanzu na huta da wahalar tabarau. Na yi mata godiya, don da zuciya ɗaya ta yi. Na saurare shi kwana biyu, sai na lura hannuna na cikin wanke-wanke, hankalina na kasuwa, shi kuwa bawan Allah yana ta karatunsa ba mai jin sa. Na tura wayar ƙarƙashin matashi na ɗauko littafina na takarda. Yarinyar ta ga kamar na raina kyautarta, ni kuwa ban iya yi mata bayani a tsaitsaye ba, don labarin yana da tsawo, kuma sai an bi ta kan uwar mijina kafin a kai ƙarshensa.

An kawo ni Kaura Namoda ina amarya daga wani ƙauye bayan Sakajiki. Mu Hausawa ne kuma Kiristoci, abin da har yau wasu ke ji su zaro ido kamar an ce musu akuya ta yi ƙwai. Gidanmu yana kusa da tasha, lokacin jirgin ƙasa bai gama yin fushi da mu ba, yakan leƙo jefi-jefi ya yi kukansa, yara su kwasa da gudu. Safiyar unguwar nan har yanzu tana cikin kunnena. Guga na bugun bakin rijiya, turmi na amsa wa turmi ta kan katanga, jakunan masu itace na shigowa daga daji, Fulani masu nono na kira a ƙofar gida. Yanzu in na farka, abin da nake fara ji shi ne janareta da babura, sai kuma a tsaya a ji ko an kwana lafiya ta wajen Moriki. A da ba mai tambayar ko hanya ta kwana lafiya, ka ɗauki kayanka ne kawai ka kama tafiya.

Uban mijina mai bishara ne, Baba muke ce masa gaba ɗaya. Ba shi da agogo, bai kuma taɓa nema ba, ladanin masallacin bayan gidanmu ya ishe shi. Da an yi kiran asuba za ka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Ku tashi, maƙwabta sun riga mu gaida Mai Sama." Sai ya kunna fitilar ƙwai, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki, ya buɗe littafinsa mai baƙin bango wanda aka ɗinke gadon bayansa da zaren buhu. Wuraren da ya fi komawa duk ya saka musu tsinken tsintsiya, inda yake farawa kuma ya yi ɗan gicciye da jan biro. Inna, uwar mijina, takan zauna gefensa da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, don hannunta bai san zaman banza ba ko a gaban Ubangiji. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma leɓɓanta na bin muryarsa a hankali. Ni kuwa ina can bakin murhu ina hura wutar koko, ina gyangyaɗi, ina ganin karatu aikin tsofaffi ne da waɗanda ba su da surfe a gabansu.

Baba ya rasu a shekarar da aka ba mu sabuwar jiha. Ana ta murna a gari, mu muna zaman makoki. Bayansa kaɗan yanar ido ta rufe wa Inna gani, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Maigidana ya iya karatu, amma direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi daga Shinkafi ya yi kudu, sai ya yi kwanaki ba mu ga ƙeyarsa ba. 'Ya'yana kuma ko haƙoran yarinta ba su zubar ba. Wadda ta rufa mana asiri ita ce Maman Biyu, matar wani ma'aikacin tasha, mutuniyar kudancin Kaduna. Kullum da asuba takan shigo da mayafi a ka, ta karanta wa Inna abin da ya samu, ta sha koko ta koma. Ita ce kuma ke koyar da mata karatu a majami'armu ta cikin gari, ajin da na yi ta cewa zan shiga in na yaye goyo, na yaye kuma na sake ɗaukar wani.

Sai shari'a ta zo. Ba zan ce an taɓa mu a gidanmu ba, don ba a taɓa mu ba. Maƙwabciyata ta bayan katanga ba ta fasa miƙo mini garwashi a kasko ba, ban fasa aika mata da ƙuli-ƙuli ba. Amma tsoro ya shiga unguwa, kowa da irin labarin da ya jiyo, wanda ya gani da ido kuwa ba ka samun sa. An ce dokar ba ta shafe mu ba, sai dai an hana masu babur ɗaukar mata, ɗan kabu-kabu kuwa ba ya tsayawa ya tambayi mace addininta kafin ya wuce ta, don haka zuwa cikin gari ya koma na ƙafa. Gidaje suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi sai ka ga benci guda mutum biyu, waƙa ta yi sanyi. Maigidana ma ya kawo maganar mu tashi, Inna ta ce shi ya tafi in yana so, ita ba ta barin garin da tsohonta ke kwance. Maman Biyu ta zo sallama tana kuka, aka loda musu kaya a akori-kura, da ita da ajin karatun suka tafi tare.

Washegari da ladan ya kira, na ji Inna ta laluba ta fito. Ta zauna a kan buzun Baba, ta ɗora littafin a cinya, ba ta buɗe ba. Haka ta yi ta yi kullum, har gari ya waye ta mayar da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na riga na fara ganin wata alama. Takan sa gishiri a miya ta dawo ta sake sawa, takan kira 'yata da sunan ƙanwarta da ta mutu tun ba a haife ni ba. Ita ma ta sani. Wata safiya ina hura wuta sai ta kira ni.

"Ɗiyata, bar wutan nan, zo ki zamna."

Na zo na durƙusa.

"Kaina ya hwara yoyo," ta ce. "Abin da tsohon nan yaz zuba mani ciki, in ba a ƙara ba, ƙarewa za ya yi. Ke za ki riƙa karanta mani."

"Inna, ni hwa ban iya ba, kin sani."

"Na sani. Ni ma ban iya ba. Amma ke kina da ido, ni ina da abin da kunnena yat tara. In munka haɗa ai mun yi mai karatu guda."

Na so in yi dariya, amma fuskarta ba ta wasa ba ce. Duk ilimina shi ne ɗan zaman da na yi a firamaren ƙauyenmu kafin a cire ni kiwon awaki, na san wasu baƙaƙe a fuska, ban san yadda suke haɗuwa su yi magana ba. Dabarar Inna kuwa ga ta. Za ta laluba tsinke ta ce mini wannan na kaza ne, in buɗe in nemi jan gicciyen Baba, in ɗora ɗan yatsana a kan kalmar farko. Ita sai ta faɗi kalma guda daga ka, ni in dube ta da kyau in maimaita, in matsar da yatsa zuwa ta gaba. In ta ja numfashi, to ya kamata yatsana ya tarar da ɗigo. In bai tarar ba, mu koma baya. Abin dariya, in tana zancen duniya Bazamfariya ce tsantsa, in ta kama karatu sai ta koma Bakanuwa, don yadda ta ji shi a bakin Baba haka ta ajiye shi.

Mun sha faɗa a kan buzun nan. Ta ce ina da kan jaki, na ce a zuci ita kuma tana da saurin akuya. Koko ya sha ƙonewa, yara sun sha kuka a ɗaki muna tsakiyar aya. Amma a hankali sai na fara ganin abin mamaki. Kalmar da na gani jiya a nan, yau ga ta a can, ba ta sauya kama ba. Wadda na fara kamawa da kaina ita ce Ubangiji, don ta fi kowace yawan zuwa. Ranar da na riga Inna faɗin ta, ta tsaya da ɓarar gyaɗa ta ce, "A'a, jaki ya hwara gane hanyag gida." Yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni har yamma ina murmushi a bakin kaskon tuyar ƙuli-ƙuli. 'Yan yanzu in abu bai shige su ba cikin mako guda sai su ce ba baiwarsu ba ce. Mu ba mu san wata baiwa ba, gari ne ke wayewa mu koma inda muka tsaya.

Matsala ta taso a zaburar da ta fi so, wadda ke maganar makiyayi da tumakinsa. Duk lokacin da muka kai tsakiyarta sai yatsana ya isa ɗigo, Inna kuwa ba ta gama ba. Takan ci gaba da cewa, kada ki ji tsoro, ko gulbi ya cika ya batse za a ƙetare da ke, ba a barin ki baya. Nan ne muryarta ke yin laushi, nan ne takan rufe idon da ba ya gani. Ni kuwa in duba sama in duba ƙasa, ba inda zan ɗora yatsa. Ta ce tsallake nake yi, na ce ban tsallake ba. Muka koma baya har na gaji da komawa. Daga ƙarshe ta ce a bari Lahadi ta zo a kira fasto ya raba mu. Faston namu saurayi ne mai ladabi, shi kaɗai ya rage yana zagaya mu da ƙauyukan wajen Zurmi a kan babur. Ya zo bayan sujada, ya tsuguna, ya karɓi littafin. Inna ta karanto masa daga ka, yana bi da ido. Da ta kai wurin sai ya ɗago kai.

"Inna, wannan ba ya nan."

"Duba da kyau, ɗana."

"Na duba. Daga inda kika ja numfashi sai aya ta gaba."

"To wa yac cire shi?"

"Ba a cire ba, Inna. Ina jin Baba ne yake faɗa miki da bakinsa in ya zo wurin."

Ta tattara ƙwaryarta ta laluba bango ta shige ɗaki. Daga baya na ji dalili. Lokacin da ta bi Baba cikin addinin Kirista danginta suka juya mata baya, ta baro ƙauyensu da damina, da goyo, gulbi ya kawo, shi ya riƙe hannunta suka ƙetare. Duk shekarun nan ta ɗauka Littafin ne da kansa ya san da wannan rana, yake kiran ta yana ba ta haƙuri.

Ta daina fitowa da asuba. Ladan zai kira, in saurara, in ji shiru a ɗakinta. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada abin da ya rage a kanta ya tsiyaye tana kwance tana kallon bango, na kuma ji tausayinta har ba na iya haɗa ido da ita in na kai mata tuwo. Sai na ci gaba da abin da na saba. Ina tashi in kunna fitila in zauna a buzun ni kaɗai, in buɗe wani tsinke in yi ta fama da ƙarfi, ina tuntuɓe, ina cin rabin kalma. Wata safiya na kwaɓa wata aya kwaɓawa mai muni, sai na ji murya daga cikin ɗaki.

"Ba haka ba na. Koma."

Na koma, na sake kwaɓawa. Wannan karon da gangan, Allah ya gafarta mini. Sai ga ta ta fito tana ɗaura zane tana mita, ta zauna ta jawo gyaɗarta. Ta gyara mini ayar.

"Tsohon nan ya yi mani wayo," ta ce. "Shekara da shekaru shina lallashi na da bakinai, ni ina cewa amin. Ya kyauta." Ta share ido da gefen mayafi. "Yanzu so nike in san wane na na Ubangiji, wane na na tsohona. Duka ina so, amma kowane da mazauninai."

Lahadi ta gaba faston ya dawo da kansa ba a kira shi ba. Ya ce abin ya tsaya masa a rai, kuma Baba bai yi ƙarya ba, akwai magana irin wannan a littafin ɗaya daga cikin annabawa, ta ruwa mai zurfi da alkawarin ba za a bar mutum shi kaɗai ba. Ya buɗe can gaba, wurin da takardun ke nan fes don ba a cika taɓa su ba, ya karanta mata. Ta sa ya maimaita. Sannan ta ce, "Na ji, ɗana, ya yi daɗi. Amma kaina ba ya riƙon sabo, kahin gobe ya zube. Sai dai a riƙa zuba mani kullum." Faston ya zari tsinke daga tsintsiyar da ke jingine ya saka a wurin, ya miƙo mini littafin da hannu biyu. Na karɓa ina tunanin ta inda zan fara, don wannan shafi ba jan gicciye, ba kuma bakin Inna da zai ja ni.

Daga nan aikin ya zama biyu. Da asuba mu bi tsofaffin tsinkaye ni da ita, da hantsi in na sauke tuya in buɗe sabon ni kaɗai, hannuna duk mai. Na fara da farautar waɗanda na sani, ga ruwa, ga tsoro, ga Ubangiji, sauran kuma in tsaya in fasa su baƙi-baƙi har su yi magana. Na zama abin tsokana a gida, don ba buhun da zai shigo ban karanta jikinsa ba, har rubutun bayan motar maigidana sai da na tsayar da shi na haɗa. Tun daga lokacin ban sake barin asuba ta wuce ni ba, ko ina jego, ko ina zaman makoki, ko a kwanakin da aka kwana ana jin harbi daga nesa. Na bi littafin nan daga bango zuwa bango ban san iyaka ba, kuma har yanzu nakan tarar da abin da zan rantse jiya ba ya wurin. Ba wai na zama malama ba ce. In na ci karo da abin da ya fi ƙarfina nakan riƙe shi har Lahadi in tambaya, ko da wanda zan tambaya sa'an ɗana ne.

Amma a wancan lokaci tsere nake yi, kuma ina ganin ana cin mini ƙasa. Inna tana raguwa. Yau za ta laluba tsinke ta kasa tuna na mene ne, gobe ta fara aya ta tsaya a tsakiya tana motsa baki ba abin da ke fita. Tsinkayen suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci takan tambaye ni ko Baba ya dawo daga ƙauye, in ce bai dawo ba tukuna. Gyaɗa kawai hannunta bai manta ba. Nakan kwanta ina roƙon Allah abu guda, ya bar mini ita har in kai mata shafin nan da bakina, tun tana iya gane abin da ake faɗa.

Ranar da abin ya yiwu, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo, don haka a bakin ƙofar ɗakinta muka zauna. Ba ta nemi tsinke ko ɗaya ba. Na buɗe sabon, na ɗora yatsa, na fara. Na yi tuntuɓe a wuri biyu na koma na gyara, amma ban tsaya ba. Da na kai maganar ruwan sai na ji ƙarar ɓawon gyaɗa ta ɗauke. Na ci gaba har na kai ɗigon ƙarshe, na ɗago kai. Hawaye na bin kumatunta, fuskarta kuma a sake take, kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Ta miƙo hannu ta laluba ta kama nawa, ta shafa yatsan.

"Ba a barin mutum baya," ta ce a hankali. "Ashe shina ciki." Ta juyo da fuskarta wajena. "Ke ɗiyar wa ta? Wa yak koya maki karatu haka?"

Na riƙe hannunta da kyau.

"Ke ta, Inna. Ke kinka koya mani."

Ta yi dariya, irin dariyarta ta da, har da girgiza kai.

"Ni? Ni ko baƙi guda ban sani ba, ɗiyata." Ta jawo ƙwaryar gyaɗar kusa da ita ta gyara zama. "Koma hwarko ki ƙara mani."